Ranar Da Auta Ya Buɗe Baki A Riyad

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka bar Malumfashi, ni da Malam maigidana, a motar wani maƙwabcinmu da zai shiga Kano saro kaya. Ku da kuka dame ni da saƙo kuna cewa Hajiya tun da kika dawo shiru, to ga labarin, ku gyara zama. Kun san Umra muka tafi. Abin da ban faɗa muku ba shi ne na fita da wani aike a wuyana, kuma shi ya kai mu har Riyad.

Autanmu direba ne a can. Shekara huɗu ke nan da tafiyarsa, bai leƙo gida ba ko sau ɗaya. Ya bar matarsa da ƙaramin ciki, yarinyar da aka haifa yanzu har ta fara bin yara islamiyya. Kuɗi kam yana turowa, ba ya fashi. Amma surukinsa, wani dattijo mai magana ɗaya, ya kira ni har zaurensa ya ce shi 'yarsa mutum ta aura, ba kuɗi ba. Ya ce in aka ga watan azumi Auta bai tako ƙafarsa garin nan ba, zai kai maganar gaban alƙali a raba auren, kuma kada in ga laifinsa. Ban ga laifinsa ba. Iyayenmu sun rasu, ni ce babba, ni na goya Auta, saboda haka ni abin ya hau kaina.

Na sha yi masa maganar a waya, amsarsa ɗaya ce kullum: Yaya, Mudir bai ba ni ijaza ba. Mudir shi ne shugabansa a wurin aiki, ijaza kuwa hutu. Wani Ba'amurke ne, injiniya a kamfanin gine-gine, Auta ke tuƙa shi. Tun ban taɓa sa mutumin nan a ido ba na tsane shi, ba zan ɓoye muku ba. Shekara ashirin da shida ina koyarwa a firamare, Turancina ya isa in wanke mutum tas, kuma da niyyar haka na baro gida.

Hanyar Gwarzo kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Mun tsaya mun sayi ƙosai mai zafi, na ga ƙanƙantar ƙosan na tambayi mai suyar ko azumi take sa shi, ta ce Hajiya wake ne ya yi tsada. A filin jirgi na Kano aka ɗora jakata a sikeli, ma'aikacin ya buɗe, warin daddawa ya buge shi ya ja da baya. Kuka ce, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da kilishi, da garin masara ƙulli biyu. Ya tambaye ni Umra zan je ko gidan abinci zan buɗe. Na ce ƙanena ne ya shekara huɗu bai ci tuwo na kirki ba. Ya rufe jakar da kansa bai ƙara cewa komai ba. Malam kuwa tun da jirgi ya ɗaga ya kama carbi, bai sake shi ba sai da tayoyi suka taɓa ƙasa a Jidda.

Labarin Makka na riga na ba ku tun ina can, Allah ya karɓa mana, ya kai waɗanda ba su je ba. Kwananmu shida muka hau babbar mota zuwa Riyad da sassafe. Da farko hawa ake ta yi cikin duwatsu ta wajen Ɗa'ifa, kunnena ya toshe, iska ta yi sanyi. Daga nan sai fili. Jama'a, na ga fili. Titi shimfiɗe ɗoɗar, babu rami ko ɗaya, babu ƙauye, babu mai tallan gyaɗa, babu ɗan acaɓa da zai faɗo maka daga lungu. Raƙuma kawai kake hangowa ta bayan waya da aka kewaye titin da ita. Malam ya ce irin wannan hanya ita ke sa direba barci, gara tamu da ramuka ke tashin mutum.

Da azahar aka tsaya a wani masauki na matafiya. Muka yi salla, aka kawo mana kabsa a faifan ƙarfe, wato shinkafa da rabin kaza gasasshiya a kai, muka zauna a kan darduma. Malam ya tambayi kuɗin, ya juya riyal ɗin zuwa naira a ransa, sai na ga hannunsa ya rage sauri. Na ce masa in lissafin nan zai dinga yi to da yunwa zai koma gida. Shinkafar ta yi daɗi, amma sai da na zaro yajina na barbaɗa.

Rana ta yi sanyi muka shiga Riyad ta kudu. Auta na tsaye a tasha da farar jallabiya. Ya rame, ga furfura ta fara fito masa a gemu, yaron da na yi wa wanka a baho. Na shirya faɗa tun daga Malumfashi, amma da ya durƙusa ya ce Yaya sannu da hanya, kuka ne ya zo mini. Sai da na share hawaye sannan na ce masa tashi, ja'iri, za mu haɗu.

Ya kama mana ɗaki a Gubaira, domin shi a Manfuha yake, su shida maza a gida ɗaya, babu inda mace za ta raɓa. Gubaira unguwa ce ta masu neman na kansu. Garejin kanikawa, masu walda, ƙananan kantuna da suke kira baƙala, 'yan Pakistan da Bangali da Sudan kowa na harkarsa. Da safe Auta ya kawo mana tamis, wani faffaɗan burodi da ake gasawa a jikin tanda, da dafaffen wake da man zaitun. Abinci ne mai arha mai riƙe ciki, shi leburori ke karyawa da shi. Manfuha kuwa da muka leƙa, sai da na tsaya na waiga, domin Hausa nake ji ta ko'ina, ta Kano da ta Maraɗi da ta Damagaram, an cakuɗa ta da Larabci. Ba ka jin komai a bakinsu sai iƙama da kafil, wato takardar zama da ubangidan da ya tsaya maka. Wanda iƙamarsa ke da rai yana tafiya ƙirji a buɗe, wanda tasa ta mutu kuwa lungu-lungu yake bi.

Washegari na zaunar da Auta na isar masa da saƙon surukinsa, ban rage komai ba. Sannan shi ma ya ba ni nasa labarin. Shekara biyun farko shi da kansa ya so zama, yana son ya rufe ɗakin da ya fara ginawa. Bayan nan ne abin ya cakuɗe. Duk shekara in lokacin hutu ya zo, Mudir kan tambaye shi, za ka tafi gida bana ko za ka zauna a biya ka kuɗin hutun? Shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya ce ba komai Mudir, ai aiki ya yi yawa. Sai Mudir ya ce to, ya ci gaba da abin da yake yi. Auta ya ce ya yi ta jirwaye, yau ya ce ruwa ya sauka a gida an yi shuka, gobe ya ce iyali ba su jin daɗi. Mutumin sai ya ce ayya, in kana bukatar wani abu ka faɗa mini, shi ke nan.

Raina ya ƙara ɓaci. Na ce wane irin mutum ne wannan, ko ya sake tambaya, ko ya ce haba, tashi ka je ka ga iyalinka? Sai Auta ya ce kada in zage shi. Ya ce lokacin da aka yi masa aiki a ciki a wani asibiti a Shumaisi, Mudir kullum sai ya zo ya zauna a bakin gadonsa, kuma wata guda cur shi ya dinga tuƙa kansa, bai bari an kawo wani direba ba. Mutumin da ya yi maka haka, in ji Auta, da wane ido za ka dube shi ka ce kana son ƙari? Ga kuma tsoro, domin ya ga waɗanda suka tafi hutu suka dawo suka tarar an ba wani motarsu. Na rasa inda zan ajiye wannan Mudir a raina.

Ranar Alhamis na tuƙa tuwon masara da miyar kuka, abokan zamansa suka zo gaishe mu bayan la'asar. Ban taɓa ganin an ci tuwo da irin wannan ladabi ba, babu mai magana sai da kwano ya koma fes. Daga nan musu ya kaure a kan Amurkawa. Wani ɗan Maraɗi mai aikin gini ya ce mutanen da suka cika duniya da yaƙi, me za a gaya masa a kansu. Wani dattijo ɗan Damagaram da ya taɓa aikin ban ruwan fulawa a unguwar Amurkawan ya ce shi dai abin da ya gani, mutane ne masu ban mamaki. Za su ba mai shara hannu su kira shi da sunansa, su biya ka ranar da suka ce, amma ku shekara tare ba za su tambaye ka matanka nawa ba, wai shiga sha'anin mutum ne. Ɗan Maraɗin ya ce to ina amfanin gaisuwar da ba a tambayi iyali ba? Aka yi dariya. A nan Auta ya ce Mudir ya ji yayarsa ta zo, ya gayyace mu cin abinci gobe Juma'a ƙarfe biyu. Na ce madalla, abin da nake jira ke nan.

Ana sallame Juma'a Auta ya fara azalzalar mu. Na ce ai in an ce biyu, uku ma biyu ce. Ya ce Yaya ba a gidan nan ba. Muka miƙe arewa, gari ya sauya kamar ba shi ba. Benaye na gilashi har wuya ya gaji da ɗagawa, tituna a kan tituna, jirgin ƙasa na wucewa ta saman kanmu. Unguwar tasu a kewaye take da katanga, sai da masu gadi suka duba takardunmu. Biyu saura minti biyar Auta ya tsaya a ƙofar gida, ya ce mu jira a mota minti biyar ɗin su cika. Malam ya kalle ni, na kalle shi.

Mutumin da na ƙulla a raina shi ya buɗe ƙofa da kansa. Dogo ne, mai sanƙo, ya ɗaura ƙyallen girki a ƙirji, da cokalin juya nama a hannu. Ya ba Malam hannu, ni kuma ya dafa ƙirjinsa ya ɗan rusuna, alamar ya san ba a ba mace hannu. Na ce masa Mudir, ya ce a'a, sunansa Tom, Tom kawai. Ya ce shekara huɗu yana roƙon ƙanena ya kira shi da sunansa ya ƙi. Na ce a wurinmu yaro ba ya kama sunan babba. Ya ce ai wannan ba yaro ba ne, magidanci ne kamarsa. Matarsa ta nuna mini wani ɗaki da suka ajiye sallaya biyu saboda baƙi, ta ce su Kirista ne, amma kowa da addininsa, kuma naman daga mahauta Musulmi aka sayo, in ci hankali kwance.

A tsakar gida aka jera tebur, shi maigidan ke gashi, hayaƙi na shiga masa ido. Malam ya raɗa mini cewa kada in kuskura in ɗauko wannan al'ada in kai Malumfashi. Auta ya nemi ya zauna can gefe a ƙasa, Tom ya jawo kujera kusa da tasa ya ce nan. Kowa ya ɗauki faranti ya zuba da kansa. 'Yarsu budurwa ta zauna tare da mu, uban na magana tana katse shi tana cewa ba haka ba ne. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Shi kuwa sai ya juya ya saurare ta har ta gama, ya ce tana da gaskiya a rabi. Wannan kam ban yarda da shi ba, kuma har yau ban yarda ba.

Hira ta yi hira. Tom ya ce ubansa kanike ne a wani ƙaramin gari, shi kuma da wanke-wanke a gidan abinci ya yi karatun jami'a, kuma ya faɗi haka yana alfahari, ko kunya babu. Ya ce a yadda aka rene shi, ba a tambayar ɗan wane ne kai, abin da hannunka ya iya ake dubawa, ko da yake ya yarda a ƙasarsu ma ba kullum ake cika wannan ba. Na tambayi mahaifiyarsa. Ya ce tana nan, ta haura tamanin, ita kaɗai a gidanta, har mota take tuƙawa. Na ajiye cokali na ce ita kaɗai, kuna raye? Ya ce sun yi sun yi ta dawo wurin ƙanwarsa, ta ce ba ta so, kuma rayuwarta ce, ita ke da ta cewa. Na ce a garinmu da an zage ku har jikoki. Ya yi dariya ya ce ya sani.

Ana cikin haka ya ɗauko tiren naman, ya miƙa wa Malam ya ce ƙari? Ni na san Malam, na san yadda naman nan ya shige shi. Amma ɗan mutunci ne, sai ya ɗaga hannu ya ce a'a, alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Kun san yadda ake yi. Mai gida ya ce haba, ɗan taɓa, baƙo ya ce wallahi ya isa, mai gida ya zuba masa da ƙarfi, kowa ya fita kunya. Tom kuwa ya ce to, ya juya, ya rufe tiren da takardar ƙarfe, ya shige da shi ciki. Malam ya bi naman nan da ido har ya ɓace.

Dariya ta taso mini, na danne. Na kalli farantin Malam, na kalli Auta. Wallahi a nan na gane komai. Mutumin nan ba mugu ba ne. In ka ce masa a'a, a'a ya ji, domin a ganinsa raini ne ya nuna ya fi ka sanin abin da kake so. Shi kuma nawa ɗan'uwan yana can yana jiran a matsa masa. Shekara biyu ana abu ɗaya, wannan na ganin girmamawa yake yi, wancan na ganin ladabi yake yi, aure na can yana mutuwa a Malumfashi.

Da ya dawo na gyara zama na fara. Duk wankin da na shirya ya bi iska. Na yi godiya a kan asibiti, na yi godiya a kan abinci, sannan na gaya masa zancen matar, da yarinyar, da wa'adin da suruki ya bayar. Fuskarsa ta yi ja har sanƙon. Ya ce bai san akwai yarinyar da ba ta taɓa ganin ubanta ba. Ya ce duk shekara yana tambaya, ya ɗauka mutumin tara kuɗi yake yi, kuma ba hurumin shugaba ba ne ya tsoma baki a gidan ma'aikacinsa. Na ce to yanzu ka ji, ni ce babbarsa, na zo roƙon a ba shi hutu.

Sai ya ce mini a'a.

Ya ce, "Hajiya, na ji ki, kuma ina girmama ki. Amma ba zan tsara rayuwar magidanci da yayarsa ba, shi yana zaune. Ga shi nan. Ya faɗa mini abin da yake so."

Auta ya sunkuyar da kai yana murza bakin jallabiyarsa, gumi na tsattsafo masa. Na san abin da ke bakinsa, duk yadda ka gani Mudir, shi zai fito. Na juya harshe zuwa Hausa, a hankali, yadda shi kaɗai da Malam za su ji.

"Auta, wannan ba zai yi maka tayi sau biyu ba. In ka ce ba komai, ba komai zai ji. Matarka ce a bakinka."

Ya ɗago. Ban taɓa ganin ya kalli babba ido cikin ido ba sai ranar. Ya ce, "Ina so in tafi gida. Wata biyu nake so. Kuma ina so in dawo in tarar da aikina."

Tom ya ce, "Shi ke nan. Ranar Lahadi ka zo ofis da safe." Ya miƙa masa hannu. Sannan a gaban matarsa da 'yarsa da mu baƙi, ya ba direbansa haƙuri. Ya ce shekara nawa yana zaune cikin mutanen da ba nasa ba, ya kamata a ce ya koyi yadda suke roƙo, rabin laifin nasa ne. Hawaye suka zubo wa Auta. Ni ma na ja mayafi na rufe fuska. Malam ne ya cece mu. Ya yi gyaran murya ya ce in fassara, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, shi fa bai ƙoshi ba, a dawo da naman nan. Matar gidan ta yi dariya har da riƙe ciki, aka dawo da tire, Malam ya yi masa adalci.

Lahadi ita ce Litinin ɗinsu, ranar ake komawa aiki. Auta ya je, ya dawo da takarda mai sa hannu da hatimi cewa motarsa na jiransa. Ya ce shi bai nemi takarda ba, Mudir ne ya ce magana irin wannan a rubuce ake yin ta. Kwana uku bizar fita da dawowa ta shigo masa a waya. Kwanakin jiran muka yi yawo. Mun je kasuwar Bat'ha, inda na yi ciniki da yatsu da wani Bayamale har ya ce na fi ƙarfinsa. Auta ya sayi abaya biyu da turare da dabino, ya tsaya gaban takalman yara ya rasa girman ƙafar 'yarsa, sai ya sayi uku. Mun ga tsohuwar fadar ƙasa da ke tsakiyar gari, ginin tubali irin namu, an gyara ta ana shiga kallo, mu kuwa rushe namu muke yi. Mun kuma hau jirgin ƙasan nan, na shiga wajen iyali, na leƙa gaba na ga babu direba. Auta ya ce shi wannan jirgi bai kwanta masa ba ko kaɗan.

Mu uku muka sauka a Kano, saura kwana tara a fara duban wata. A mota kan hanyar gida na yi ta juya abin a raina. Ba zan ce muku na san Amurkawa ba, gida ɗaya na shiga, yini ɗaya na yi. Akwai abin da na gani da ba na so, tsohuwa ita kaɗai a gida da yarinya mai katse ubanta, waɗannan su riƙe abinsu. Amma na ga mutumin da ya ɗauki direbansa a matsayin cikakken mutum mai bakin kansa, wanda maganarsa ke da nauyi ko da a'a ce. Na ga cika lokaci, na ga babba ya ce na yi kuskure bai ragu da komai ba. Kunyarmu abu ne mai kyau, da ita aka rene ni, da ita na reni yaran mutane. Sai dai na gane mun koya wa yaranmu yadda ake yin shiru, ba mu koya musu yadda ake neman haƙƙi cikin ladabi ba, kuma duniyar da suke fita nema yanzu ba kowa ne zai karanta musu fuska ba. Na ƙudura in na koma aji zan gyara wannan gwargwadon iyawata.

Ko gida ba mu biya ba, na ce a wuce da mu ƙofar surukin. Yana zaure a kan buzu. Auta ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya yi gaisuwa cikakkiya, ta gida da ta gajiya da ta bayan rabuwa, kansa a ƙasa. Dattijon ya amsa a daƙile. Na buɗe baki zan fara ba da haƙuri a madadinsa kamar yadda aka saba, sai Auta ya ce Yaya dakata.

"Baba, laifina ne, ba na kowa ba. Ba a hana ni zuwa ba, ni ne ban tambaya ba. Ina son matata, ina roƙon kada a raba mu. Kuma daga bana duk shekara zan zo."

Dattijon ya kalle shi, yana jan carbi ɗaya-ɗaya. Can ya ajiye carbin.

"Da ka turo manya su ba ni haƙuri, da ban karɓa ba. Daga bakinka nake son ji. Tashi ka shiga, tana ciki."

Auta ya miƙe ya faɗa cikin gida har yana tuntuɓe da dokin ƙofa. Takalmansa ma a waje ya manta su, ni na kwaso na bi shi da su.